Ran Mai Hawa Turke: Tarihin Kariyar Ma'aikatan Lantarki a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Duk inda aka zauna hirar wutar lantarki a garuruwanmu, maganar ba ta wuce abu biyu: yawan ɗaukewarta da nauyin takardar kuɗinta. Da wuya a ji wani ya tambayi lafiyar mutumin da ya hau turke bayan hadari domin ya maido da ita, ko wanda ke bin gida-gida da rana tsaka yana duba mita. Alhali kuwa duk ƙwan fitilar da ya haska ɗakin haihuwa ko ajin karatun dare, akwai wanda ya kusanci mutuwa kafin ya kama. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ran irin wannan ma'aikaci ya sami daraja a doka da kuma a wurin aiki, tare da duban gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, kowace ƙa'ida ta wannan sana'a da rayuka aka saye ta, kuma wani babban kaso na kiyaye ta yana hannun mutanen gari.

Taka-tsantsan a sana'o'in gado

Tun kafin a kafa turken waya na farko, mutanen wannan yanki sun san sana'o'in da ake yi a bakin halaka. Mai ginar rijiya a jigawar Mayahi yakan sauka ramin da ya wuce gaba ashirin, cikin rairayin da ke iya ruftowa a kowane lokaci, kuma ransa na hannun waɗanda ke riƙe da igiya a sama. Maƙeri na wuni a gaban garwashi da jan ƙarfe. Magini na tsaye bisa katangar da ba ta gama bushewa ba. Makiyayi na hawa gawo da gatari domin ya sassabo wa dabbobinsa ganye da rani.

Kowace daga cikin sana'o'in nan tana da tsarinta na kariya, ko da yake ba a rubuce yake ba. Ɗan maƙeri kan daɗe yana zuga kafin a ba shi masaba. Ba a tura sabon shiga ƙasan rijiya, kuma ba a barin mai gina shi kaɗai. Sarkin maƙera da sarkin magina su ne ke faɗin wanda ya isa da wanda bai isa ba, su ne kuma ke tsawatar wa mai ganganci. Wato dai al'ummarmu ta daɗe da sanin cewa aiki mai haɗari yana buƙatar horo, da izini daga wanda ya fi sani, da abokin aiki mai sa ido.

Sai dai duk waɗannan haɗurra suna da alama. Wutar maƙera tana da zafi da haske, rijiya tana da zurfin da ido ke gani, reshen da zai karye yakan yi ƙara. Lantarki ya zo da abin da kakanninmu ba su taɓa karo da shi ba: wayar da ke ɗauke da ajali da wadda ba komai a cikinta kamarsu ɗaya. Ba ta hayaƙi, ba ta wari, tsuntsu ma yakan sauka a kanta ya tashi lafiya. Hausawa na cewa jiki magayi, amma a wannan sana'a sau da yawa jiki ba ya samun damar ba da labari. Shi ya sa ido da ƙwarewa kaɗai suka kasa, dole aka koma ga rubutacciyar ƙa'ida.

Daga aikin dole zuwa dokar ƙwadago

Sojojin Faransa sun ratsa ƙasar Tasawa a shekarar 1899, kuma garin ya zama mazaunin kwamandan yanki har zuwa 1927, lokacin da aka mayar da hedikwata Maraɗi. Wayar farko da aka ja bisa turaku a Nijar ta tangaraho ce, domin amfanin mulki da soja. A wancan zamani hanyoyi da gine-ginen gwamnati da dakon kaya duk da aikin dole ake yin su. Talakan da aka kamo daga ƙauye ba shi da albashin kirki, balle a yi zancen diyya in ya karye ko ya mutu. A Faransa kuwa, tun ranar 9 ga Afrilu 1898 aka kafa dokar da ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ba tare da sai ma'aikacin ya tabbatar da laifin ubangidansa ba. An yi shekaru masu yawa kafin irin wannan kariya ta iso ga yawancin ma'aikatan Afirka.

Canji ya faro ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ƙungiyoyin ƙwadago na Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suka yi yajin aikin gama-gari, kuma ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka fitar da kundin dokar ƙwadago na ƙasashen renon Faransa. Wata doka ta 24 ga Fabrairu 1957 ta tsara biyan diyya da rigakafin haɗurran aiki da cututtukan sana'a a waɗannan ƙasashe.

Bayan samun mulkin kai, Nijar ta ɗora a kan wannan tushe. A 1965 aka kafa asusun kula da jin daɗin ma'aikata, wato CNSS, wanda ke biyan kuɗin magani da diyyar haɗarin aiki. An sabunta kundin ƙwadago a 1996, sannan aka sake shi da doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, wadda ta wajabta wa mai ba da aiki ɗaukar matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa da kuma horar da su a kan haɗurran aikin. A 2009 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi tsaro da lafiya a wurin aiki. Cikin shekaru sittin da ƴan kai, ke nan, an tashi daga mutumin da ake kora da bulala zuwa ma'aikacin da ke da haƙƙin da zai iya nema a gaban sufeton ƙwadago.

Yadda wuta ta iso

A shekarar da aka fitar da kundin ƙwadago, wato 1952, aka damƙa wa kamfanin Energie AOF gudanar da wutar birnin Yamai. Daga baya kamfanin ya koma SAFELEC, kuma a 1968 aka kafa NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa. Da farko kowane babban gari da injinansa na gazuwal yake dogaro. A 1976 aka ƙaddamar da layin volt 132,000 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, mai kawo wutar madatsar ruwa ta Kainji. Tsakiyar ƙasa da gabashinta sun jira har 1994, lokacin da layin da ya taso daga Katsina ya iso Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram.

Wannan ya sauya yanayin aikin baki ɗaya. A zamanin injin gari, ma'aikaci ya san inda wuta ke fitowa, yana jin ƙarar injin, in an kashe shi kowa ya shaida. Da aka haɗa garuruwa da dogon layi, sai ya zama makunnin na iya kasancewa a nisan kilomita da dama, a hannun mutumin da mai hawa turken ba ya gani. Daga manyan tashoshi ake jan layuka masu volt 20,000 ko 33,000 zuwa garuruwa, inda taransifoma ke rage ƙarfin zuwa volt 220 da ake amfani da shi a gida. Da aka kafa hukumar ANPER mai kula da kai lantarki karkara a 2013, sannan Bankin Duniya ya amince da shirin NELACEP a 2015 da shirin Haske a 2021, sai turaku suka riƙa kutsawa ƙauyuka. Kowane sabon kilomita na waya ƙarin alheri ne, kuma ƙarin wurin da wani zai hau wata rana.

Darussan da aka saya da rayuka

Ƙasashen da suka riga mu samun lantarki sun riga mu binne ma'aikatansa. A Amurka, yawan mutuwar masu aikin layi na cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙungiyar ma'aikatan lantarki a birnin St. Louis a 1891. Shugabanta na farko, Henry Miller, shi kansa a bakin aiki ya rasu a 1896 a Washington, bayan wuta ta buge shi ya faɗo daga kan turke.

A ƙarshen shekarun 1920, kamfanonin lantarki na can suka ba da kuɗi domin a binciko dalilin da ya sa ƙaramar wuta ke kashe ƙaƙƙarfan mutum nan take. Injiniya William Kouwenhoven na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun yi shekaru suna nazarin yadda lantarki ke rikita bugun zuciya har ta riƙa karkarwa maimakon tura jini. Daga wannan bincike ne aka sami na'urar da ke daidaita bugun zuciya daga wajen ƙirji, sannan a 1960 suka bayyana dabarar danna ƙirji da hannu, wadda a yau ake koya wa ma'aikatan agaji a duniya duka. Duk wanda aka farfaɗo da shi ta wannan hanya, ma'aikatan layi na bin sa bashin godiya.

Wani malamin, Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya, ya auna yawan lantarkin da jikin mutum ke iya jurewa. Ma'aunin shi ne miliampiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na ampiya. Mutum kan fara jin tsirawa a wajen miliampiya 1. Daga 10 zuwa 16 tsokar hannu kan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin wayar, abin da muke cewa wuta ta riƙe shi. In ta kai wajen 50 zuwa 100 ta ratsa ƙirji, zuciya na iya rikicewa. Domin mai karatu ya kwatanta, ƙwan fitila irin na da mai watt 60 yana jan sama da miliampiya 250. A 1961 Dalziel ya ƙirƙiro na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta wata hanya, kuma irinta ce ake sa wa gidaje a yau mai yankewa a miliampiya 30.

Matakai biyar

Daga irin waɗannan darussa aka tsara ƙa'idojin aiki. A Faransa an tattara su cikin kundin UTE C 18-510 na 1988, wanda NF C 18-510 ya gada a 2012, kuma da shi kamfanonin lantarki na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke koyi. Ginshiƙinsa na farko shi ne izini: bayan horo, mai ba da aiki ya miƙa wa ma'aikaci takardar da ta fayyace irin aikin da ya isa ya yi da ƙarfin wutar da zai iya kusanta. Hukuncin sarkin maƙera ke nan, an mai da shi rubutu.

Ginshiƙi na biyu shi ne matakai biyar da ake bi kafin a taɓa layi. Na farko, a raba layin da duk wata kafa da wuta ke shigo masa. Na biyu, a kulle makunnin da kwaɗo, a rataya allon gargaɗi, domin kada wani ya mayar da wuta cikin rashin sani. Na uku, a tantance a wurin aiki cewa layin da za a hau shi ne wanda aka kashe, domin layuka biyu kan bi hanya ɗaya. Na huɗu, a gwada wayoyin da na'urar gano wuta, bayan an tabbatar ita kanta na'urar tana aiki. Na biyar, a haɗa wayoyin da juna, a kuma haɗa su da ƙasa a ɓangarori biyu na wurin aikin, yadda ko wuta ta dawo za ta bi ta nan maimakon jikin mutum. Hular kwano, da safar hannu ta roba, da takalmi mai hana wuta ratsawa, da ɗamarar hawa, duk suna biyo bayan waɗannan matakai ne, ba sa maye gurbinsu. Haka kuma ba a hawa turke sai da wani a ƙasa yana kallo, kamar yadda mai ginar rijiya ba ya sauka sai da masu igiya.

Ƙa'ida a ƙasar jigawa

An rubuta waɗannan ƙa'idoji a ƙasashen sanyi, amma a nan ake aiki da su, kuma ƙasar tana da nata hali. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Gumi na rage ƙarfin fata wajen tare wuta, kuma zafin ne ke sa ma'aikaci ya ji kamar ya cire safar hannu da hula. Ƙurar hunturu kan taru a kan tangaran ɗin da ke riƙe waya, in raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai wuta ta sami hanyar bi. Guguwar farkon damina kan kayar da turaku, a kira ma'aikata gyara da dare, cikin laka da walƙiya, jama'a kuma na matsa musu lamba. Gara kan cinye gindin turken katako ta bar shi tsaye kamar lafiyayye. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da sauƙi, saboda haka haɗa waya da ƙasa a jigawar Mayahi ya fi buƙatar kulawa fiye da a fadamar Gulbin Kaba. Bugu da ƙari, tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi renon itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, abin da ya jawo wa yankin yabo a duniya. Sai dai gawon da ya girma a ƙarƙashin layi tarko ne ga mai sassabe da ma'aikaci baki ɗaya. Ga kuma nisa: wanda ya ji rauni a karkarar Urafan ko Gidan Amumun, akwai tafiya cikin rairayi tsakaninsa da babban asibiti, alhali zuciyar da ta tsaya mintoci kaɗan take jira.

Mai duba mita kuma nasa haɗarin daban ne. Yana wuni bisa babur, yana buɗe akwatunan da kunama ko rina ke iya fakewa a ciki, yana sa hannu a mitar da wataƙila wani ya kwance ya karkatar da wayoyinta ya bar su tsirara. Aikinsa na kai shi ƙofar gidajen matan aure, inda al'ada ta ce sai da sallama da izinin maigida. In kuwa yankan wuta ya kawo shi saboda bashi, a kansa ake huce fushin da ba shi ya jawo shi ba. Mitar da ake sayen wutarta tun kafin a sha, wadda ta fara yaɗuwa a shekarun 2010, ta rage wannan karo, amma ba ta kawar da aikin dasawa da bincike ba.

Akwai kuma waɗanda doka ba ta cika kaiwa gare su ba: ƴan ƙwadagon yini masu haƙa ramin turke da jan waya, da masu gyaran wuta na unguwa da suka koyi aikin a hannun wani, ba takardar izini, ba rajista a asusun ma'aikata. Su ne suka fi kusa da waya, su ne kuma suka fi nisa da diyya.

Rabon mutanen gari

Ma'aikaci na iya cika matakansa na farko, wani a cikin gari ya warware masa su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar a farkon Agusta, ba a maido ta ba sai a Maris 2024, bayan ɗage takunkumin CEDEAO. A irin wannan lokaci na ƙarancin wuta ne mutane ke komawa ga janareto da faifan hasken rana. Wanda ya haɗa janaretonsa da wayoyin gida ba tare da ya raba gidan da layin kamfani ba, wutarsa za ta fita waje ta bi layin. Taransifoma kuwa ta kowane ɓangare take aiki: yadda take rage volt 20,000 zuwa 220, haka take ɗaga 220 zuwa dubbai. Ta haka mai shago da ke neman sanyaya ruwa zai iya kashe mutumin da ke kan turke a wata unguwa, bai sani ba. Saboda irin wannan ne aka wajabta mataki na biyar. Haka nan satar wuta, da gina rumfa a ƙarƙashin layi, da ɗaure igiyar shanya ko ta dabba a jikin turke.

A nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da abin yi. Yaro ya tashi da sanin cewa wayar da ta faɗo ƙasa rayayya ce har sai ma'aikata sun ce ba haka ba, a tsaya nesa da ita da kamar taku goma sha biyar, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana iya ɗaukar wuta. Ya san ba a kama wanda wuta ta riƙe da hannu. In ta gida ce, a kashe babban makunni, ko a ture wayar da busasshen itace. In ta babban layi ce, itace ma ba ya tsare mutum, sai a kira ma'aikata. Manya kuma su koyi danna ƙirji a wurin ma'aikatan lafiya ko na Croix-Rouge. Ranar 28 ga Afrilu, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta keɓe tun 2003 domin tsaro da lafiya a wurin aiki, dama ce ta wasan kwaikwayo da muhawara a gidajen rediyon karkara, cikin harshen da kowa ke ji.

Kammalawa

Idan haɗari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ce ta haƙuri ga wanda aka yi wa rashi, amma ba ta taɓa hana mai ginar rijiya duba igiyarsa ba. Tarihin da muka bi ya nuna cewa an yi zamanin da ran lebura ba shi da farashi a ƙasar nan, aka yi gwagwarmaya har doka ta san da shi, masana kuma suka gano yadda wuta ke kisa da yadda ake kauce mata. Abin da ya rage shi ne wannan sani ya fita daga kundi ya shiga zaure da aji da kasuwa, ya kuma game ɗan ƙwadagon yini da mai gyaran unguwa. Mafi yawan ƙauyukan Tasawa da Mayahi yanzu ne suke jiran turakunsu na farko, kuma ƴaƴansu ne za su hau su. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.